Amsa kan durƙuson 'yan wasa lokacin taken ƙasar Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko durƙuson da 'yan wasan Amurka suka riƙa yi lokacin rera taken ƙasa cin mutuncin sojoji ne, kuma ko doka ta kare su. A ganina ba cin mutunci ba ne. Da Colin Kaepernick, ɗan wasan ƙwallon ƙafa irin na Amurka a ƙungiyar San Francisco 49ers, ya fara a watan Agustan 2016, zama ya yi a kan benci, domin nuna ɓacin ransa kan yadda 'yan sanda ke kashe baƙaƙen fata. Wani tsohon soja, Nate Boyer, shi ya ba shi shawarar sa gwiwa ɗaya a ƙasa, kamar yadda sojoji kan yi a kabarin abokin aikinsu, kuma ranar da ya fara durƙusawa Boyer na tsaye a gefensa, hannu a ƙirji.

Batun doka kuwa, gwamnati ce kundin tsarin mulkinsu ya hana toshe bakin mutum, bai hana ƙungiya hukunta ɗan wasanta ba. Abin da ya fi damuna shi ne, tun da ya bar ƙungiyarsa a watan Maris 2017 babu wadda ta sake ɗaukarsa a gasar NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka, alhali shi ya jagoranci 49ers zuwa wasan ƙarshe na Super Bowl a 2013.