Kuben fata ko na Kydex ga Glock 19?

Malam, ka tambaya wane kube ya dace da ƙaramar bindigarka Glock 19 da kake ɗauka kullum a jihar Texas ta Amurka. Ni dai na Kydex, wato wata irin roba mai tauri, zan ce ka saya. Glock ba ta da makullin hana harbi da ake turawa da yatsa, don haka kuben shi ne ke tsare kunamar. Fata tana da kyau da daɗin ɗauka, amma zufar zafin Texas tana laushe ta, bakinta ya lanƙwashe ya shiga wajen kunama lokacin mayar da bindigar. Wallahi wannan yana tsorata ni. Nemi wanda aka ƙera daidai samfurinta, ya rufe kunamar ruf. In za ka mayar da ita, duba da idonka kada gefen riga ya shige, kuma a hankali.