Kyanwata Ta Koma Zaɓen Abinci: Shin In Bar Ta Da Yunwa?

Tambaya

Assalamu alaikum, Likita. Ina da kyanwa mai shekara 4 wadda na raina tun tana 'yar ƙarama. A da duk abin da muka ci shi take ci: shinkafa da ɗan kifi, tuwo da aka jiƙa da miya, ko ragowar nama. Wata biyu da suka wuce ƙanena ya zo mana hutu, ya riƙa ba ta kifin gwangwani safe da yamma har tsawon mako uku. Tun da ya koma, in na zuba mata abinci sai ta shinshina kwanon ta juya, ta biyo ni kicin tana kuka. Da farko in na buɗe mata gwangwani takan cinye tas, amma a cikin makon nan shi ma sai ta lashe man ta bar rabin kifin. Maigida ya ce yanga ce kawai, a bar ta kwana uku babu komai za ta dawo hanya, tunda dama tana da ƙiba. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Mene ne shawararka?

Daga wata uwargida, Unguwar Rogo, Jos

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Zan fara da shawarar da maigida ya bayar, domin ita ce ta fi gaggawa: don Allah kada a bar ta da yunwa, ko da na kwana biyu ne. Hausawa sun ce yunwa maganin muguwar dahuwa, kuma maganar tana aiki a kan mutum, tana aiki a kan kare, amma jikin kyanwa ba haka aka gina shi ba. Idan kyanwa ta daina cin abinci, jikinta yakan fara kwaso kitsen da ya tara yana tura wa hanta domin ta mayar da shi kuzari, ita kuwa hantar kyanwa ba ta iya sarrafa kitse mai yawa a lokaci guda, sai ya taru a cikinta ya hana ta aiki. Wannan ciwo yana iya farawa bayan 'yan kwanaki kaɗan na rashin ci, yana kuma kisa idan ba a yi maganinsa ba. Abin da ya kamata a gaya wa maigida cikin ladabi shi ne, ƙibar da yake ganin za ta kare ta ita ce ma ke ƙara mata haɗari, domin kyanwa mai ƙiba ita ta fi saurin kamuwa.

Akwai kuma jimla ɗaya a wasiƙarki da ta fi ɗaukar hankalina fiye da labarin gwangwani, wato cewa a makon nan ko kifin da take so sai ta lashe man ta bar rabi. Kyanwar da ke zaɓe kawai takan cinye abin da ta zaɓa ba tare da jinkiri ba. Wadda ke zuwa wurin kwano da marmari, ta lashi ruwan ta bar abin da sai an tauna, sau da yawa bakinta ne ke ciwo. Babbar kyanwa tana da haƙora 30, kuma ciwon dasashi da zaizayar haƙori suna cikin cututtukan da aka fi gani a wurinsu, sai dai kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo, ba kasafai take nuna wa mai ita ba. Ki zauna kusa da ita a lokacin da take ci ki lura: tana karkatar da kai tana tauna da gefe ɗaya? Abinci yana faɗowa daga bakinta? Yawu yana zuba, ko bakin yana wari fiye da da? Idan ta yarda, ki ɗaga leɓenta a hankali ki duba ko dasashin ya yi ja ko ya kumbura.

Sai kuma hanci. Kyanwa da hanci take fara cin abinci kafin baki, domin ƙwayoyin ɗanɗano da ke harshenta ba su kai 500 ba, alhali na ɗan Adam sun kai dubbai. Ko zaƙi ma ba ta ji, kamar yadda masana a birnin Filadelfiya na Amurka suka tabbatar a 2005. Saboda haka duk abin da ya toshe mata hanci ya ɗauke mata sha'awar abinci ke nan. Mu da ke Jos, a kan tudun da ya haura mita 1,200, mun san yadda sanyin Disamba da Janairu da ƙurar hunturu suke, kuma kyanwar da ke atishawa ko take da majina da kwantsa ba za ta ji ƙamshin abin da aka ajiye mata ba. Bayan waɗannan akwai tsutsar ciki, da ciwon ƙoda wanda ya fi kama tsofaffi, da kuma gubar ɓera idan tana farauta a gidajen maƙwabta.

Shawarata ita ce ki kai ta wurin likitan dabbobi a cikin makon nan, kafin a fara kowace dabara. A wannan fanni Jos ta fi garuruwa da yawa sa'a, domin Jami'ar Jos tana da asibitin koyarwa na dabbobi, ga kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tun 1924. Idan kuwa ta yi awa 24 ba ta sa komai a baki ba, ko ta fara amai ko gudawa, ko kika ga farin idonta da cikin kunnenta sun yi rawaya, to kada ki jira gari ya waye sau biyu. Ina kuma roƙonki kada a ba ta maganin mutane da sunan taimako, musamman farasitamol, domin ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Idan likita ya duba ya ce lafiyarta ƙalau, to abin da ya rage ɗabi'a ce, kuma tana gyaruwa. Kyanwa ta gano cewa idan ta ƙi kwano ta yi kuka a bakin kicin, gwangwani yana buɗewa, kuma duk ranar da tausayi ya sa kika buɗe, darasin ya ƙara zama. Amma a nan dole in faɗi wata gaskiya: abincin da take ci a da, wato tuwo da miya da shinkafa, shi ma bai dace da ita ba, don haka ba can za mu mayar da ita ba. Kyanwa maciyar nama ce zalla. Akwai wani sinadari mai suna taurin da jikinta ba ya iya haɗa isasshe, sai ta same shi daga nama, kuma tun 1987 aka gano a Jami'ar Kalifoniya cewa rashinsa yana raunana zuciyar kyanwa, bayan an riga an san yana lalata mata ido. Miyarmu kuwa cike take da albasa da tafarnuwa, waɗanda ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa ko da an dafa su, ga gishiri da dunƙule da yaji. Kifin gwangwani shi ma ba abincin kullum ba ne, saboda gishirinsa da mansa, kuma yawan kifi mai maiƙo yana jawo kumburin kitsen jiki mai zafi sosai.

Abin da ya fi sauƙi, idan da hali, shi ne abincin kyanwa na kanti wanda aka rubuta a jikinsa cewa cikakke ne, ba na karnuka ba. Idan kuɗinsa ya yi yawa, ana iya dafa mata a gida: naman kaza ko na akuya ko na sa, da zuciya da ƙundu, a tafasa da ruwa kawai ba gishiri ba kayan miya, a cire ƙashin kaza gaba ɗaya domin dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soki hanji. Kada a zubar da romon, domin wani kaso na taurin yana fita cikin ruwan dahuwa. Hanta a ba ta kaɗan, sau ɗaya a mako ya isa, saboda yawanta yana cutar da ƙasusuwa da gaɓoɓi. Tsoka zalla kuma ba ta da isasshen kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, don haka ki tambayi likitan abin da za a riƙa ƙara mata. Madara, wadda mutane da yawa ke ɗauka ita ce abincin kyanwa, galibin manya ba sa iya narkar da ita, gudawa take sa su.

Sauyin kuwa a hankali ake yin sa, cikin kwana 7 zuwa 10, wani lokaci fiye da haka. A kwanakin farko ki zuba kashi uku na kifin da ta saba da kashi ɗaya na sabon abinci, ki dagargaza su tare yadda ba za ta iya tsince wanda take so ba. Bayan kwana biyu ko uku ki mayar da su rabi da rabi, daga nan kifin ya koma kashi ɗaya, har ya zama ɗan ƙamshinsa kawai ake shafawa a sama. Duk ranar da ta tsaya ta ƙi, ki koma matakin da ta amince da shi ki ƙara kwana biyu a kai. Burin shi ne kullum ta kwana da wani abu a cikinta.

Ki riƙa ɗumama abincin kaɗan. Zafin jikin kyanwa yana tsakanin digiri 38 zuwa 39, kuma ta fi son abinci mai ɗumi kusa da haka, kamar naman abin da ta kama yanzu, ga shi ɗumin yana tayar da ƙamshi. Abin da aka fito da shi daga firji, ko wanda ya sandare a tsakar gida da sanyin safiya, ba zai burge ta ba. Ki taɓa da bayan hannu tukuna don kada ya ƙona ta. Ki kuma rage yawan abin da kike zubawa ki ƙara yawan lokutan, sau uku ko huɗu a rana a kan lokaci tsayayye, domin a ɗabi'arta kyanwa kaɗan-kaɗan take ci sau da yawa. Idan ya yi minti 30 ba ta ci ba ki ɗauke, ki kawo sabo a lokaci na gaba, kuma a gaya wa yara kada kowa ya miƙa mata wani abu a tsakani.

Wurin cin ma yana da tasiri. Ki yi amfani da faranti mai faɗi na tangaran ko na ƙarfe maimakon roba mai riƙe wari, a wanke shi bayan kowane ci a ɗauraye sabulun sosai. A ajiye shi a lungun da babu hayaniyar yara ko ƙarar janareta, nesa da inda take bayan gida, kuma a raba shi da kwanon ruwa. Yana da kyau ki tambayi maƙwabta ko akwai mai ba ta wani abu, domin a unguwa mai cunkoso kyanwa tana iya ƙoshi a gida uku kafin ta dawo naki.

Domin ki san ko ana samun ci gaba, ki riƙa auna ta sau ɗaya a mako: ki hau sikeli riƙe da ita, sannan ki hau ke kaɗai, ki cire wannan daga wancan ki rubuta. A jikin kyanwa mai kilo 4, raguwar giram 400 daidai take da kashi 10 cikin 100 na nauyinta, kuma ido ba ya saurin ganin hakan ta cikin gashi. Idan kika ga nauyin yana sauka mako biyu a jere, ko da tana ɗan taɓa abinci, ki koma da ita wurin likita tare da takardar da kike rubutawa.