Amsa kan lissafin makin sinuka: 35 da ja ɗaya, da batun maki 100

Ɗan'uwa, tambayarka biyu ce a haɗe. Ka ce an yi gardama a wani gidan sinuka a Gusau: ana bin mutum maki 35, ja ɗaya ta rage a tebur, wasu na cewa wasa ya mutu, wasu na cewa da sauran magana. Sannan ka tambayi ƙwallo nawa ne mafi ƙaranci da za su kai mutum maki 100 a jere, ba tare da ya ba abokin wasa sanda ba.

Da farko a tabbatar wane wasa ake nufi. Tebura da yawa da muke kira sinuka a Gusau da Kauran Namoda na ƙwallaye masu lamba ne, daga 1 zuwa 15, kuma wannan lissafin bai shafe su ba. Ainihin sinuka jajaye 15 ne, kowacce maki 1, sai masu launi shida: ruwan ɗorawa 2, koriya 3, ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, ruwan hoda 6, baƙa 7. Shidan nan a haɗe 27. Muddin akwai ja a tebur, ja za ka fara zurawa, sai mai launi, a fiddo mai launin a mayar da ita gurbinta. In jajaye suka ƙare, sai a bi masu launi daga ƙarama zuwa babba, wadda ta faɗa rami ta tafi ke nan.

Saboda haka kowace ja da ke tebur tana ɗauke da maki 8, ita da baƙar da za ta biyo ta. Ka ninka jajayen da suka rage sau 8, ka ɗora 27, ka samu iyakar abin da ya rage. Nan 147, wato makin wanda ya bi kowace ja da baƙa ya share tebur a jere, ta samo asali: 120 da 27. Joe Davis ne ya yi ta farko da aka amince da ita a hukumance a 1955, Ronnie O'Sullivan kuma ya yi tasa a gasar duniya ta 1997 a Ingila cikin minti biyar da 'yan daƙiƙu.

To ga gardamarku. Ja ɗaya, 8 da 27, 35 cif. Wanda ake bi in ya zura ja, ya bi ta da baƙa, ya share shidan duka, an yi kunnen doki. A nan doka ta ce a mayar da baƙa gurbinta, a jefa kwabo don zaɓen mai farawa, duk wanda ya zura ta ya ci, wanda ya yi fawul kuma ya faɗi. Wasa bai mutu ba. Amma da ya bi jan da ruwan hoda maimakon baƙa, 34 zai tsaya, kuma dole sai ya sa abokin wasansa ya yi fawul. Mutane da yawa na zaɓen mai launin da ta fi sauƙin shiga ba su ƙirga ba, sai sun kai kan shuɗiya su ga maki ɗaya ya raba su da wasan.

Wanda ke gaba ma da nasa lissafin, kuma shi aka fi sakaci da shi. Duk jan da ka zura, maki 1 ka ƙara wa kanka amma 8 ka ɗauke wa abokin wasa. A ce kana gaba da 20, jajaye uku sun rage, wato 51 a tebur. Ja da baƙa, ka kai 28, saura 43. Wata ja, ka kai 29, saura 35. Yanzu baƙa ce kaɗai za ta rufe ƙofa, don ta kai ka 36. In ka ɗauki ruwan hoda, tazarar 35 ce daidai, ka bar masa hanyar kunnen doki da hannunka.

Batun 100 kuwa, yawancin mutane ƙwallo 26 suke cewa: ja 12 da baƙa 12 sun ba da 96, ja ta 13 ta kai 97, sai mai launi daga koriya zuwa sama. Lissafin daidai ne, sai dai ba shi ne mafi ƙaranci ba. Ka zo tebur da jajaye goma kacal. Goma da baƙa goma, 80, ƙwallo 20. Ruwan ɗorawa 82, koriya 85, ruwan ƙasa 89, shuɗiya 94, ruwan hoda 100. Ƙwallo 25. Ƙasa da haka ba ta yiwuwa, domin jajaye tara da komai da komai 99 suke bayarwa, ƙwallo 24. Wannan 99 ɗin na burge ni, maki ɗaya tak ya hana.

Inda aka fi shan wahala shi ne ƙirga fawul nawa ake buƙata. Mafi ƙarancin tarar fawul, wato makin da ake ƙara wa abokin wasan wanda ya yi fawul ɗin, 4 ne, mafi yawa 7, kuma in ƙwallon da ake kai ko wadda aka taɓa ta fi 4, darajarta ake biya. Ana binka 40, masu launi kaɗai suka rage. Giɓin 13 ne. In ka tsaya kana ɓoye fara, wato farar ƙwallon da ake bugawa da sanda, a bayan wasu ƙwallaye don ya yi fawul, tun kan ruwan ɗorawa, fawul uku 12 ne, sai ka nemi na huɗu. In kuwa ka zura ukun farko, ana binka 31, saura 18, giɓin bai motsa ba, amma yanzu kowane fawul 5 ne, uku sun isa. Illar ita ce ƙwallayen da za ka ɓoye fara a bayansu sun koma biyu. Kada dai ka wuce gona da iri: baƙa kaɗai ta rage kana baya da fiye da 7, an gama.

Akwai kuma firi bol. In abokin wasa ya yi fawul ya bar ka ba ka ganin gefe biyu na ƙwallon da kake kai, za ka zaɓi wata ta tsaya a madadinta. Tun kafin a zura ja ko ɗaya in haka ta faru, kamar jajaye 16 ne a tebur, shi ya sa iyakar maki a jere 155 ne a ƙa'ida. Jamie Burnett ya yi 148 ta wannan hanyar a 2004.

Ga tambayar da za ka kai wa masu gardamar. Mutum ya share tebur duka a jere, mene ne mafi ƙarancin makinsa? Za su ce 72, kowace ja da ruwan ɗorawa, 45 da 27. Amma doka ta yarda jajaye fiye da ɗaya su shiga a bugu guda, kowacce maki 1, mai launi ɗaya ce kawai za ta biyo baya. Duka 15 su faɗa lokaci guda, sai ruwan ɗorawa 2, sai 27, ya tashi 44.