Wata ce ta ɗaukar mini cikin: yaya zan yi jaririyar ta shaƙu da ni?

Tambaya: An cire mini mahaifa, sai aka dasa ƙwayayenmu ni da maigidana a mahaifar wata mata. Saura wata biyu ta haihu. Ina fargabar kada jaririyar ta ƙi ni.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Gaskiya ne jaririyar za ta fito ta san muryar wadda ta ɗauke ta, domin ɗan tayi yana jin sauti a watanni ukun ƙarshe. Amma shaƙuwa hidimar yau da gobe ce ke gina ta: wa ke ɗaukarta in ta yi kuka, wa ke ciyar da ita.

Tun yanzu ki naɗi muryarki a waya, a riƙa kunnawa kusa da cikin. Ki kuma shirya da asibitin a rubuce cewa ke za a miƙa wa ita. Da zarar an goge ta, ki kwantar da ita a ƙirjinki, fata da fata, a lulluɓe bayanta, aƙalla awa ɗaya. Wannan na daidaita mata ɗumin jiki da numfashi. In tiyata ko wata larura ta hana, babu abin da ya ɓaci, ki fara duk lokacin da aka ba ki ita.

Kina iya shayarwa ko babu mahaifa. Ana fara tatsa da na'ura kamar mako 6 kafin haihuwa, minti 15 zuwa 20, sau 8 a rana har da dare. Wasu likitoci na ƙara maganin domperidone don kawo ruwan nono, amma yana iya taɓa bugun zuciya, don haka kada ki saya da kanki. Yawanci ruwan ba ya isarta shi kaɗai. Akwai siririn bututu da ake manna wa kan nono, tana tsotso madara na shiga ta cikinsa. In da kwalba ce, ki riƙe jaririyar tazarar santimita 20 zuwa 30 daga fuskarki, nan ne idonta ya fi gani.

Wani abin da kan iya kawo cikas shi ne yawan hannu. Makonnin farko, 'yan barka su gani su yi addu'a, amma ciyarwa da goyo su zama naki.

In kika wuce mako 2 cikin kuka da ƙunci, ko jin kamar ba 'yarki ba ce, ki ga likita. Ciwon damuwar bayan haihuwa yana kama har uwar da ba ta yi naƙuda ba, kuma yana da magani.