Zauren Tambayoyi: Alamar Wi-Fi a cike, shafi ya ƙi buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Jekadafari, cikin Gombe. Na sayi rauta mai sim, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi, na haɗa kwamfutoci uku da firinta. Sau da yawa alamar Wi-Fi a cike take, amma ko shafi ɗaya ba ya buɗewa, ga yara masu duba sakamakon jarrabawa sun yi layi. Ko jabu aka sayar mini? Daga wata mai shago.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Kada ki yi saurin ɗora wa rautar laifi. Wi-Fi daban, intanet daban. Alamar da kike gani a cike, abin da take faɗa kawai shi ne kwamfutarki tana jin rautar da kyau. Ba ta san abin da ke tsakanin rautar da hasumiyar kamfanin layi ba. Kamar famfon gida ne: bututunki lafiya lau, amma in ba a turo ruwa daga Dadin Kowa ba, sai ki yi ta murɗawa a banza.

Ga yadda za ki gane inda matsalar take. Juya rautar, za ki ga lambobi a ƙasanta irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Rubuta su a burauza, wato manhajar da kike buɗe shafukan intanet da ita. In shafin rautar ya buɗe, to cikin shagonki ba matsala, don wannan shafin ba ya buƙatar data ko kaɗan. A ciki za ki ga ƙarfin sabis, ko 4G take kamawa ko ta koma 3G. Ki kuma duba ko datar ba ta ƙare ba. Kada ki yi dariya, a shagunan da ake kirana gyara wannan ya fi komai yawa.

In sabis ne ya yi rauni, ɗauke ta daga ƙarƙashin tebur ki sa ta sama kusa da taga. Bangon siminti da ƙofar ƙarfe suna cinye sigina. In kuma sabis na da ƙarfi amma sai da yamma abin ke tsayawa, cunkoso ne, domin duk unguwar hasumiya ɗaya kuke rabawa.

Akwai wani yanayin da WhatsApp ke tafiya amma shafuka su ƙi. Sau da yawa DNS ne, wato na'urar da ke mai da sunan shafi zuwa lambar adireshinsa. A saitin rautar, a gurbin DNS, ki sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare ki gwada.

Wani lokacin ma matsalar ta wuce Gombe gaba ɗaya. Manyan wayoyin da ke haɗa mu da Turai ta ƙarƙashin teku suke zuwa su fito a Legas, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010. Da wasu daga cikin irin waɗannan wayoyi suka lalace a watan Maris na 2024, har bankuna sai da suka ji a jikinsu.

Ni dai da shagona ne, sim na biyu zan ajiye na wani kamfanin daban, in kuma haɗa kwamfutar da ake cike fom da rautar ta wayar kebul, tunda kebul ba ya yanke-yanke irin na Wi-Fi. Sannan ki canza kalmar sirrin da rautar ta zo da ita. Na san halin maƙwabtan shago.

Tambaya: Malam, an ce mini gudun layina 20 Mbps ne, amma in ina sauke fayil 2.5 nake gani. Cutata ake yi? Daga wani ɗalibi a Kumo.

Amsa: A'a ƙanena, ba wanda ya cuce ka. Kamfanoni da megabit suke auna gudu (Mbps ɗin nan na nufin megabit a kowace daƙiƙa), wayarka kuma megabait take nuna maka, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Raba 20 gida takwas, 2.5 ɗin nan ne zai fito. Kai ma ka yi sa'a, cikakken gudunka kake samu.