Kunnen da ke satar amsa

Jiya muna rufe ɗakin gwaji ka tambaye ni: tunda hannunka ya faɗa a kan odiyomita, injin auna ji, me zai hana ka kama shago ka riƙa gwada mutane kana sayar musu da na'urar ji, ba sai ka jira lasisi ba? Na ce ka bari sai na huta. To ga amsarka.

Ɗana, danna maɓalli ai mako biyu ya ishi mai kai ya koya. Daga hats 250 zuwa 8000, wato daga sauti mai kauri zuwa siriri, ka ƙara, ka rage, ka ɗiga alama a takarda. Wannan ba shi ne aikin ba.

Ina sabon shiga aka kawo mini wata baiwar Allah, kunnenta na hagu ba ya ji tun da ta yi sanƙarau tana yarinya. Na sa mata abin saurare, na yi ta ƙara sauti, da na kai desibel 60, ma'aunin ƙarfin sauti ke nan, sai ta ɗaga hannu alamar ta ji. Na yi murna, na rubuta cewa da sauran ji, na'ura za ta yi mata amfani. Maigidana a wurin aiki ya dubi takardar, bai ce uffan ba. Ya kunna wata ƙara mai shuuu a kunnenta na dama, ya maimaita gwajin. Har injin ya ƙure ba ta motsa ba. Ashe na hagun a mace yake. Sautin ne ya bi ta ƙashin kai ya tsallaka, na daman ya ji, ita kuwa ta ɗaga hannu da zuciya ɗaya. Da a shago ne, da ta sayar da akuyarta ta sayi abin da ba zai tsinana mata komai ba. Tun ranar, muddin tazarar kunnuwa biyu ta kai desibel 40, sai na shagaltar da mai lafiyar kafin in yarda da amsar ɗan'uwansa.

Haka in ka ɗora maɓallin girgiza a ƙashin bayan kunne, ka ga mutum yana ji sosai ta ƙashi amma ta iska ya yi ƙasa. Matsalar tana hanya ne: datti ya toshe, ko ruwa ya taru bayan dodon kunne, ko dodon ya huje. Wannan na likitan kunne ne, sau da yawa magani ko tiyata ke raba shi da ita. Mai injin niƙa kuwa za ka ga layinsa a takardar gwaji ya zurma a hats 4000, aikin ƙara ke nan, ba ya dawowa. Wanda ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, ko yana zubar da mugunya, ko yana jiri, kada ka ko buɗe akwatin na'ura. Tura shi asibiti a ranar, musamman na farkon, domin kwanaki kaɗan ke gare shi kafin damar magani ta wuce.

Batun lasisi kuma, ba ado ba ne. A Najeriya hukumar MRTB, mai kula da ma'aikatan farfaɗo da lafiya, wadda aka kafa a 1988, ita ke yi wa masanan ji rajista, tare da masu gashin ƙashi da masu gyaran magana, kuma lasisin sabunta shi ake yi. A Amurka ma sai mutum ya yi digirin dakta a fannin ji, sannan jiharsa ta ba shi izini. Na sani, biyan kuɗin da bin layin akwai gajiya, ni ma nakan yi tsaki. Amma takardar tana nufin akwai inda za a kai ƙararka, akwai abin da za a ƙwace maka in ka cuci mutum. Mai shagon da ba shi da ita, in ya ɓata kunnen yaro da sautin da ya wuce kima, sai dai ya sauya unguwa.

Ka ƙarasa karatunka tukuna. In ka samu dama ka je Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ka ga yadda ake gwada jarirai suna barci. Gobe kuma ka zo da wuri, zan toshe kunnena ɗaya ka gwada ni, mu gani ko za ka kama ɓarawon.