Amsa: Sai an yi nazarin tasiri kafin a gina matatar ruwan sha?

Malam, ka tambaya ko wajibi ne a yi nazarin tasirin aiki ga muhalli da al'umma kafin a gina matatar ruwan sha, tunda aikin na amfanin jama'a ne. E, wajibi ne, kuma a kammala shi tun kafin a tsayar da wurin ginin, domin da zarar an zuba harsashi nazarin ba zai iya sauya wurin ba. Idan Bankin Duniya ne ke ba da kuɗin, ƙa'idojinsa da suka fara aiki a 2018 sun sharɗanta a biya diyyar da za ta isa mutum ya maye gurbin abin da ya rasa kafin a karɓi filinsa, a kuma buɗe hanyar kai koke.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne lakar da ke kwantawa bayan an zuba alif a ruwa, domin ita aka fi mantawa da ita a tsari. Na taɓa aiki a wata matata da ke sako wannan laka cikin kogi duk lokacin wanke tankuna, ruwan ya gurɓace, masunta da masu noman rani da ke ƙasa da mu suka cutu, alhali ba a taɓa kiran su taron tuntuɓa ba, abin da har yau yake damu na. Saboda haka kada ka amince da zanen da bai ware filin shanya laka da wurin zubar da ita ba.